Murhun banda na gawayi: wuta ta yi hauka sannan ta mutu, nama kuma yana ɗaci, me zan gyara?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Don Allah masu sanin harkar nan ku taimaka min da shawara.

Ina da murhun banda na gawayi a bayan gida, irin dogon nan na tsaye mai hawa-hawa, can ƙasa kwanon gawayi, a samansa kwanon ruwa, sai raga guda biyu ta ɗora nama sai murfi mai ɗan ma'aunin zafi a jiki. Irin na arha ne gaskiya, ƙarfen ba shi da kauri, ƙafafunsa ma a ciki aka ɗaura su. Abin da ke damuna shi ne in na kunna gawayi na juye a kwanon, zafin sai ya yi sama da gudu allurar ta wuce inda nake so, sai in rufe ƙofar iskar da ke kan murfi don ya sauka, toh yana sauka ɗin amma bayan kamar awa biyu zuwa uku sai wutar ta fara mutuwa alhali in na leƙa gawayin na nan jibge bai cinye ba, sai dai toka ta lulluɓe shi. Daga nan kuma fama ne, fifita, ƙara gawayi, buɗe ƙofa, rufe ƙofa har dare.

Na biyu ɗanɗanon. Naman yana nuna, launinsa ma ba laifi, amma akwai wani ɗaci-ɗaci da yake bari a harshe, har yara suka ce kamar magani. Itacen da nake sawa ina jiƙa shi a ruwa tun dare saboda haka na ji ana yi, kuma hayaƙi kam yana tashi sosai fari tas, ta murfi ta ƙofa ta ko'ina.

Tambayata, wannan murhun zai gyaru ko in haƙura in nemi babba? In zai gyaru ina zan huda, me zan toshe? Ina da ragowar kwanon rufi da wata ragar waya ta shinge, ina tunanin in haɗa kwandon gawayi da su. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba_Garwashi:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka yar da murhun nan, zai gyaru, kuma duk abin da ka lissafa kusan tushensu ɗaya ne, iska ce ba ta bin hanyar da ya kamata.

Bari in fara da mutuwar wutar tunda ita ta fi ba ka wahala. Irin wannan murhun kwanon gawayinsa rufaffe ne ta ƙasa, ba huji ko ɗaya, gawayi na zaune kai tsaye a kan ƙarfe. Yana ci yana zubar da toka, tokar ba ta da inda za ta je sai ta taru ta binne garwashin, iska ta daina kaiwa gare shi, shikenan wuta ta shaƙe. Shi ya sa kake ganin gawayi na nan amma ba zafi. Maganinsa abu biyu ne kuma tare ake yin su. Ka samu ƙaramar ragar ƙarfe mai kauri da za ta shiga cikin kwanon ta zauna sama da gindinsa da kamar santimita 3 zuwa 5, ko ka huda gefen kwanon ka zura dogayen noti uku ko huɗu su zama matashinta, gawayi a kan raga, toka ta zube ƙasa. Sannan ka huda gefen kwanon ƙasa da ragar, ramuka kamar faɗin santimita 1 zuwa 2 a zagaye, don iska ta shigo ta ƙarƙashin wuta ta ratsa ta ta yi sama. Kar ka huda da yawa a tashin farko, ka fara da kaɗan ka gwada, ƙara rami abu ne mai sauƙi amma mayar da ƙarfen da ka cire aiki ne. Kuma in ka huda, dole ka samu abin rage su da buɗe su, ko ɗan fallen ƙarfe mai juyawa a kan noti, ko ma maganaɗisu mai faɗi da za ka riƙa turawa a kan ramin in wurin bai cika zafi ba. Ka tuna fa tunda ka huda garwashi zai iya faɗowa, don haka a sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashi, kuma ba a kan katako ko busasshiyar ciyawa za a girka shi ba.

Yanzu ƙofar murfi da kake rufewa. Daina. Wannan ƙofar mafitar hayaƙi ce, a buɗe take zama gaba ɗaya tun daga farko har ka sauke nama. Zafi daga ƙasa ake sarrafa shi, inda iska ke shiga. In ka rufe sama hayaƙi ya rasa hanyar fita sai ya zauna yana zagaye a kan nama, wutar kuma ta koma cin rabi-da-rabi, daga nan ɗacin nan ke farawa. In murfinka ma ƙofar ƙarama ce to ƙara mata za ka yi ba ragewa ba.

Haukan da wutar ke yi da farko kuwa, ai kai ka kunna gawayin duka lokaci ɗaya, dole ya ba ka duk zafinsa lokaci ɗaya ya kuma ƙare da wuri. Akwai dabarar da ake kira da sunan wani mai shiga gasar gashi a Amurka, Jim Minion, kuma mai sauƙi ce ƙwarai. Ka cika kwanon da gawayin da ba a kunna ba, ka soka guntayen itacenka uku ko huɗu a tsakaninsa, sai ka kunna kaɗan a gefe, kamar cikin hannu biyu, in sun kama sosai sun yi fari-fari ka juye su a sama. Wuta za ta riƙa bin gawayin a hankali daga sama zuwa ƙasa, awanni tana tafiya ba ka taɓa ta ba. Abin lura a nan shi ne ka kama zafin tun yana hawa, kar ka bari ya wuce sannan ka ce za ka dawo da shi. In kana neman digiri 110 zuwa 120 na Salsiyos, wanda shi ne inda yawancin masu bandar nama mai tauri ke zama, to yana kaiwa 90 ka fara rage ƙofofin ƙasa, wato ramukan iskar da ka huda, ka jira minti 15 ka ga inda ya tsaya kafin ka sake taɓawa. Mutane da yawa abin da ke kayar da su kenan, su juya ƙofa yanzu, minti biyu ba su ga canji ba su sake juyawa, ƙarshe zafin na lilo sama da ƙasa su ce murhu ne ba kyau.

Kuma kar ka kunna da kananzir ko fetur don Allah, warin yana shiga nama, musamman da wannan dabarar da sabon gawayi ke kamawa a hankali. Gwangwani dogo mai huji a ƙasa, gawayi a ciki, ka kunna takarda a ƙarƙashinsa, ya isa. In kana sayen dunƙulallen gawayin kamfani ka duba kar ya zama irin wanda aka jiƙa da man kunnawa.

Uwar_Biyu:

Baba ya gama magana a kan wuta, ni bari in tsaya a kan ɗacin don shi ne ya fi tsaya min a rai, nama mai tsada a kwana ana fama a zo ci kuma yara su ture, abin ba daɗi.

Ɗan'uwa wannan farin hayaƙin mai kauri da kake gani kana jin daɗi, shi ne matsalar. Hayaƙin da ake so siriri ne, shuɗi-shuɗi, wani lokacin ma sai ka ƙura ido kafin ka gan shi, in ka sa hanci ƙamshi za ka ji ba zai sa ka tari ko hawaye ba. Fari mai kauri alama ce itacen yana turnuƙewa ne bai samu iska da zafin da zai ci da kyau ba, kuma irin wannan hayaƙin yana ɗauke da wani baƙin maiƙo mai kamar kwalta da ke mannewa a jikin nama da cikin murfi, shi ne mai ɗacin da ke sa harshe ya yi wani iri. Ka ɗaga murfinka ka duba cikinsa, in ka ga baƙin abu mai sheƙi yana ɓamɓarowa to ka kankare shi kafin girki na gaba don yana iya zubowa a kan abinci.

Jiƙa itace kuma ni dai na bar shi. Ruwa ba ya shiga cikin itace mai tauri sosai ko ya kwana a bokiti, fatar waje kawai yake jiƙawa, in ka jefa a wuta abin da ka fara gani tururi ne, ya kuma sanyaya maka garwashi ya ƙara turnuƙewar. Busasshen itace, guntaye kamar girman dunƙulen hannu, biyu zuwa huɗu sun isa girki guda. Gawayi shi ke ba da zafi, itace ƙamshi ne kawai, kuma in ya yi yawa ko na kirki ne sai ya danne ɗanɗanon naman. Itatuwa masu 'ya'ya irin su tuffa, lemu, gwaba, ƙamshinsu mai sanyi ne sun dace da kaza da kifi. Ka guji itace mai ƙaro irin fayin, ka guji ɗanye, ka guji wanda ya yi fumfuna, sannan katakon gini, filawud, ko duk abin da aka taɓa yi wa fenti ko maganin gara kar ya kusanci wutar abinci kwata-kwata.

Wani abu kuma, kar ka ɗora nama da zarar ka haɗa murhun. Ka ba shi minti 20 zuwa 30 hayaƙin farko ya wuce ya washe tukunna.

Sai ma'aunin zafin murfin nan. Kar ka yarda da shi haka kawai, na arha da yawa ba sa faɗin gaskiya, kuma ko yana faɗi, zafin can saman murfi yake aunawa ba inda naman yake ba, bambancin na iya kai digiri 10 ko 20 ko fiye. Ka cire shi ka tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa, ya kamata ya nuna kusan 100, sai dai in kuna wuri mai tudu sosai zai ɗan gaza, kamar digiri 1 a duk mita 300. In ya kauce da yawa ka san matsayinsa. Abin da ya fi shi ne ka samu tamomita, wato ma'aunin zafi, mai waya mai baki biyu, ɗaya ka maƙala a kan raga ɗan nesa da naman, ɗaya ka soka a tsakiyar tsokar ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Wannan ni a wajena ya fi duk wani gyaran da za ka yi wa murhun muhimmanci, don maganar lafiya ce. Kaza sai cikinta ya kai 74, kifi 63. A banda launi ba ya tabbatar da cewa nama ya nuna, naman kaza na iya yin ja-ja a gefe saboda hayaƙi alhali ya nuna sarai, wani kuma ya yi kyau a waje ciki da saura. Kuma in wutarka ta mutu nama ya daɗe yana zaune ƙasa da digiri 60, nan ne ƙwayoyin cuta ke samun yadda suke so, don haka mutuwar wutar nan taka ba wahala ce kawai ba.

Kaza ma ni ba na yi mata 110, fatar sai ta zama kamar roba. Ina cire ruwan in bar zafi ya kai 160 zuwa 175, fata ta yi ƙaras-ƙaras.

Mai_Walda:

Salam. Malam ka tsaya, kwanon rufi da wayar shinge da ka ambata, kar ka yi kwandon gawayi da su. Kusan dukkansu an shafe su da tutiya ne don kar su yi tsatsa, shi ne wannan sheƙin fari-fari mai zane-zane. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, garwashi kuwa ya fi haka zafi nesa, in ta ƙone tana fitar da farin hayaƙi da ke sa zazzaɓi da ciwon jiki da ƙirji, mu masu walda mun san shi sarai. Ba abin da za ka so ya bi ta kan abincin iyalinka ba ne. Haka noti da washa (ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) da duk wani ƙarfe da zai zauna kusa da wuta, ka nemi baƙin ƙarfe zalla ko sitenles, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Wata wayar shingen ma roba ce a jikinta, wannan ya fi muni.

Kwando kam shawara ce mai kyau, amma a yi shi da baƙar ragar nan mai idon lu'u-lu'u da ake yin matakala da ƙofofi da ita, mai ɗan kauri don siririya wuta na cinye ta da wuri. A lanƙwasa ta zagaye daidai faɗin ragar gawayin da Baba ya ce, tsayi kamar santimita 15 zuwa 20, a ɗiga mata walda ko a ɗaure da noti, a yi mata mariƙi. Amfaninsa gawayi na taruwa wuri ɗaya, iska na shiga ta ko'ina, in ka ɗan girgiza toka ta zube. Sabon ƙarfe yana zuwa da mai a jikinsa, ka wanke ka ƙona shi a wuta mai ƙarfi sau ɗaya ba abinci.

Gyaran da na fi yi wa mutane a irin murhunka shi ne na ƙafafu. A kwance su daga ciki a mayar da su waje, ramukan nan dai na da za ka yi amfani da su, sai kwanon gawayi ya samu nasa mazaunin daban a ƙasa, ko bulo ko wasu gajerun ƙafafu. Kaga kenan in kana so ka ƙara gawayi ko ka zubar da toka sai ka ɗaga gangar jikin gaba ɗaya da naman da murfin ka ajiye gefe, ka gama da wuta ka mayar, zafin da ke ciki bai gudu ba. Sai dai a yi hankali da kwanon ruwa lokacin ɗagawa, ruwan zafi ne da kitse, a sa safar hannu mai kauri kuma a ƙara wa murhun mariƙai biyu masu ƙarfi a gefe in na jikin ba su da ƙwari.

Maganar yoyon hayaƙi, ba kowane ne sai ka toshe ba. Ɗan hayaƙin da ke fita ta bakin murfi ba shi ne babban abu ba, da amfani ma maiƙo zai toshe wasu da kansa. Wanda ya dame ka shi ne gibin da ke ƙasa kusa da wuta da kuma ƙofar gefe, don ta nan iska ke shiga ba da izininka ba, ka rufe ƙofofinka duka amma zafi ya ƙi sauka. Ƙofar gefe yawanci lanƙwasa ta kawai za ka yi da hannu a hankali ta kwanta daidai. In bai isa ba akwai igiyar gasket, wato ta toshe gibi, mai jure zafi mai gam a baya, a goge wurin tas ba maiƙo sannan a manna. Akwai kuma silikon mai jure zafi, jan nan, yana ɗaukar wajen digiri 300, a duba wanda aka rubuta ba shi da illa kusa da abinci, a bar shi ya bushe awa 24, kuma ba a sa shi inda harshen wuta ke taɓawa.

Fenti a waje kawai, kuma mai jure zafi. Ciki ba fenti, man girki za ka shafa siriri ka kunna wuta awa biyu zuwa uku ya kama, shi zai hana tsatsa.

Na ƙarshe, in hadari ya taso kar ka ja shi cikin gareji ko ɗaki ko da ƙofa a buɗe. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma tana kisa.

Ɗan_Duro:

Duk na yarda da ku amma ni a kan kwanon ruwa ina da ja. Ruwan nan yana shan zafi ba kaɗan ba, gawayinka da yawa tafasa ruwa yake yi ba dafa nama ba, a ƙaramin murhu mai siririn ƙarfe in ana sanyi ko iska na kaɗawa sai ka ga zafi ya ƙi wuce 95 kana ta zuba gawayi. Ni na daina sa ruwa, yashi mai tsabta nake zubawa rabin kwanon in rufe da foyil ninki biyu in bar ɗan lotsawa a tsakiya kitse ya taru, in an gama in naɗe foyil in yar, ba wankin kwano mai maiƙo ba ƙarin ruwa da tsakar dare.

Kuma gaskiya in da hali malam ka haɗa na duro kawai, duro mai lita 200 ɗin nan, ramuka uku na shigar iska a ƙasa kamar santimita 2 kowanne, kwandon gawayi, raga a sama nesa da wuta kamar santimita 60, murfi mai mafita, shikenan. Yana riƙe zafi awa 10 ko fiye da cika ɗaya don ba ya yoyo. Sharaɗin kawai ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki, wanda ya ɗauki sinadari ko maganin ƙwari ko man inji a bar shi, kuma wanda ke da shafe ja ko mai launin ruwan ƙasa a ciki sai an ƙone an kankare har ƙarfe ya fito fes. Kuma ba a sa injin yanka ko walda a rufaffen duron da ya taɓa ɗaukar abu mai kamawa da wuta, yana fashewa.

Sabon_Hannu:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba na bi maganarka, na sa raga a cikin kwanon na huda gefe, na bar ƙofar sama a buɗe, na yi dabarar gawayin nan. Mai_Walda na ajiye kwanon rufin gefe, za a yi min kwandon da baƙar raga. Hajiya na gwada ma'aunin murfin a tafasasshen ruwa ya tsaya ƙasa da 100 sosai, na samo mai waya.

Wutar kam ta zauna, abin har ya ba ni mamaki, kuma ɗacin ya tafi. Amma ga sabuwa. Na ɗora ƙirjin sa babba, zafin raga na 115 lafiya lau, cikin naman yana hawa har ya kai wajen 68 sai ya tsaya cak, awa ɗaya, awa biyu, ba motsi, har ya ɗan ja baya. Na ɗauka tamomitar ce ta lalace. Na sauke shi a 75 don dare ya yi, ya nuna amma tauri sosai. Me ya faru? Kuma ruwa ko yashi, wanne zan bi tunda na ga an rabu?

Baba_Garwashi:

Madalla ɗana, ka ga yanzu ka shiga harkar sosai. Tamomitarka lafiyarta ƙalau. Wannan tsayawar kowa na haɗuwa da ita a babban nama, yawanci tsakanin digiri 65 da 75. Ruwan jikin naman ne ke fitowa fata yana bushewa, bushewar kuma tana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum, sai zafin da ke shiga da wanda ke fita su yi daidai, allura ta tsaya. Tana iya kai awa uku ko huɗu ko fiye, sai fatar ta bushe sannan ya ci gaba da hawa.

Hanya biyu ce. Ko ka jira, ka samu ɓawon waje mai ƙarfi mai daɗi amma ka biya da lokaci da gawayi. Ko in launin ya yi maka yadda kake so ka naɗe shi tam a foyil ninki biyu ka mayar, tunda ruwa ba ya samun bushewa sai zafin ya ci gaba da hawa, sai dai ɓawon zai yi laushi. Akwai masu naɗewa da takardar mahauta marar kakin nan, ita tana ɗan numfashi, tana tsakanin biyun. Ni in baƙi na jira naɗewa nake yi, in ba wanda ke jira in bar shi.

Taurin kuwa, sauke shi ka yi da wuri. A 75 ya nuna ta fuskar lafiya, amma ƙirjin sa cike yake da jijiya da tantani, su kuma sai sun daɗe a zafi suke narkewa su zama wannan danƙon mai sa nama ya yi taushi. Yawanci sai cikin ya kai 90 zuwa 96. Kuma lambar jagora ce kawai, ka soka tsinken tamomitar a wurare daban-daban, in yana shiga ba turjiya to ya yi, in wani gefe na riƙewa ka ƙara masa lokaci. In ka sauke kar ka yanka, ka bar shi a naɗe ka lulluɓe da tawul ka sa a kula ba ƙanƙara awa ɗaya ko biyu, sannan ka yanka ta gicciyen zaren naman ba ta tsawonsa ba. Babban ƙirji na iya cin awa 10 zuwa 14, don haka a fara da asuba ko tun dare, kuma a rage ɗaga murfi.

Ruwa ko yashi, maganar Ɗan_Duro gaskiya ce, ruwa na cin gawayi. Amma ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da ke ƙasansa, shi ya sa yake danne zafi in wuta ta so ta gudu. Yashi ba shi da wannan iyakar, yana ɗaukar zafi yana ƙaruwa, in ya yi zafi da yawa kuma saukar da shi aiki ne. Tunda hannunka bai gama sabawa da ƙofofin ba kuma gibin ƙasa bai gama toshewa ba, ka zauna a kan ruwa tukunna, amma ka zuba mai zafi ba mai sanyi ba. In ka ga kana riƙe 115 awa shida ba wahala, sai ka gwada yashin ka kwatanta da kanka.

Uwar_Biyu:

Ƙari kaɗan a kan na Baba. Kafin ka sake sayen babban ƙirji ka yi ta gwaji da cinyoyin kaza ko kafaɗar rago, suna da kitse suna yafe kuskuren wuta. Ka sa gishiri tun dare ka bar naman a firij ba rufi, fatar ta ɗan sha iska, ɓawon ya fi kamawa. Kuma ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta yawan gawayi, yadda ka buɗe ƙofofi, zafin kowane rabin awa da yanayin ranar, don iska da ruwan sama na canja lissafi sosai a murhu mai siririn ƙarfe. In iska na damunka ka kare shi ta gefen da take fitowa, ko ka yafa masa bargon masu walda amma ka bar ƙofofin ƙasa da mafitar sama a buɗe.

Mai_Walda don Allah igiyar gasket ɗin, ta bakin murfi ake manna ta ko ta bakin gangar jikin? Nawa murfin ya ɗan karkace ta gefe ɗaya.

Mai_Walda:

Hajiya gefe ɗaya kawai ake sawa, kuma na fi son bakin gangar jikin don murfi ana yawan ajiye shi ƙasa igiyar ta kwashi ƙasa ta ɓamɓare. Amma ki fara gyara karkacewar tukunna, ki kifa murfin a kan daɓe mai daidai ki ga inda ya ɗaga, ki matsa shi da hannu biyu kaɗan-kaɗan har ya zauna. In gibin ya wuce milimita 3 zuwa 4 igiyar ba za ta cike shi ba. Bayan kin manna ki ɗora murfin ki bar shi ya kwana kafin ki kunna wuta.